Ni da Toka, sati na bakwai: mun koma baya

Jama'a barkanmu da war haka. Na yi alkawarin zan riƙa kawo muku yadda ake ciki da batun koya wa magena hawa masai, to ga ni, sai dai labarin ba irin wanda na so kawowa ba ne. Sati na bakwai muke ciki amma gaskiya mun koma inda muke a sati na huɗu, kuma laifina ne ba nata ba.

Waɗanda ba su ga na baya ba, Toka mace ce, watanta tara, tun tana 'yar mitsitsiya take amfani da robar yashinta ba wanda ya koya mata. Haka Allah ya halicce su, tun suna sati uku zuwa huɗu suke fara tono su yi abinsu su binne. Abin da ban yi tunaninsa ba da farko kenan, wato duk wannan horon da muke ta yi ba wani sabon abu muke ƙara mata ba, raba ta muke yi da abin da ke cikin jininta.

Satin farko ba wata wahala, jan robar na riƙa yi kaɗan-kaɗan har ta kai gindin masai. Na biyu da na uku ɗagawa ne, ina tara tsofaffin jaridu a ƙarƙashi kamar santimita 5 duk bayan kwana biyu har robar ta yi kai ɗaya da bakin masan. Don Allah ku ɗaure jaridun nan da salatef sosai, sau ɗaya tawa ta yi girgiɗi lokacin da ta dira a kai, ranar wuni ta yi tana leƙen ƙofar bandaki ta ƙi shiga. A sati na huɗu na sa wani tire na roba a ƙarƙashin mazaunin masan na zuba yashi, ta hau ta yi kamar dama can ta saba. Akwai na kanti irin su Litter Kwitter da CitiKitty masu zagaye-zagaye da ake canzawa ramin na ƙara faɗi, ni dai nawa da wuƙa na yanka.

To daga nan na kwafsa. Na huda rami kamar murfin kwalba ta yi kwana biyu lafiya lau, sai zumuɗi ya kwashe ni na buɗe shi ya kai tafin hannu lokaci guda. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, ta hau, ta zagaya mazaunin sau biyu, ta sunkuya tana leƙen ramin kunnuwa a baya, ta sa hannu ɗaya ta ja yashi kamar yadda ta saba sai yashin ya zube cikin ruwa ya yi ƙara, wallahi tsallen da ta yi sai da ta bugi bokiti. Da daddare na ji tana kuka ƙasa-ƙasa tana zarya tsakanin bandaki da falo, ban gane ba, da safe na tarar ta yi fitsari a kwandon kayan wanki, a kan tawul, har ta jawo wata riga ta rufe. Rufewar nan ita ta fi taɓa min zuciya, baiwar Allah wurin binnewa kawai take nema.

Ban dake ta ba kuma ku ma kar ku fara, balle wannan abin da wasu ke yi na dangwala hancinta a wurin, ba ta haɗa dukan da abin da ta yi tun dare, tsoronka kawai za ta koya ta koma yi a inda ba ka gani. Wajen wanke wurin ku guji duk sabulun da ke da amoniya domin warinsa kamar na fitsari ne a hancinta, sai ta sake dawowa nan. Akwai ruwan wanki mai enzayim da aka yi don fitsarin dabbobi, shi ne ya kashe warin tas.

Wata kwafsawar kuma, yashin da nake zubawa mai dunƙulewa ne, na yumɓun bentonayit, wanda aikinsa kenan ya sha ruwa ya kumbura ya cure. Ku auna abin da ya yi a cikin bututu bayan kwana biyar yana gangarawa. Sai da mai gyaran famfo ya zo, kallon da ya yi min da na ce masa mage nake koya wa masai ba zan manta ba.

Ranar da na kai ta allurar rigakafi na ba likitan dabbobi labari ina dariya, shi bai yi dariyar ba. Ya tambaye ni sau nawa ta yi fitsari jiya, na yi shiru. Da can da na amsa nan take, tunda kullum ni nake kwashe curin da matsami ina ganin yawansu da girmansu, in akwai jini zan gani, in gudawa ce zan gani. A masai duk wannan ya bi ruwa. Ya ce ga muzuru ma abin ya fi haɗari, saboda hanyar fitsarinsu siririya ce tana iya toshewa, kuma in ba a kai shi da wuri ba cikin kwana biyu zuwa uku sai a rasa shi, alhali alamar farko a cikin yashi ake ganinta. Ya kuma ce in tuna za ta tsufa, gaɓoɓi su fara ciwo, tsallen santimita 40 da tsayuwa a kan mazaunin masai mai santsi ba zai yi mata daɗi ba.

Sai batun Toxoplasma, ƙwayar cutar da ke fita a kashin mage. Ni a zatona fulashin shi ne ƙarshen tsafta, ashe ƙwayayenta na da taurin kai, tace ruwan masai da ake yi bai cika kashe su ba. A Kalifoniya ta Amurka har doka aka yi a 2006 cewa a rubuta a jikin buhun yashin mage kar a zuba a masai, bayan an gano cutar a jikin dabbobin da ke gabar tekunsu. Ƙwayayen sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin su iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum da wanke hannu ke rage haɗarin sosai, mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin gaba ɗaya.

Yanzu dai ga inda muke. Na dawo mata da robarta, na sayo babba ma wadda tsawonta ya kai nata da rabi, yashi zurfin santimita 5, na ajiye a lungun da ba a yawan wucewa. Tiren masai na nan na saka sabo mai ƙaramin rami da yashin takarda ɗan kaɗan. Na san wasunku za su ce in dai akwai roba ba za ta taɓa zaɓar masai ba, kuma kun yi gaskiya, a littafin da nake rubutawa sau biyu kacal ta hau cikin kwana shida. Ga kuma fama da mutanen gida, na manna takarda a ƙofa cewa a bar murfi a ɗage ƙofa a buɗe amma kullum sai wani ya rufe.

Na ba mu sati biyu ba zan ƙara ramin ko kaɗan ba. Yau da asuba na ji ƙarar tono daga lungu, ƙarar-ƙarar-ƙarar ta fi minti guda, ta fito tana karkaɗe ƙafa ta wuce ni ko kallo. Na ɗauki matsami na ƙirga, curi uku, na rubuta.