Saƙon da jini ke kai wa ƙodar da ta rage

A shekarar 1869 wani likitan fiɗa mai suna Gustav Simon ya cire wa wata mata ƙoda ɗaya a birnin Heidelberg na ƙasar Jamus, bayan ya fara gwada aikin a kan karnuka, kuma matar ta rayu. Daga baya likitoci suka tabbatar cewa ƙodar da aka bari ba ta zama yadda take, sai dai ta ƙara girma da nauyi, ta ɗauki wani ɓangare na aikin 'yar'uwarta, har tace jinin wanda ya ba da ƙoda ya koma kusan kashi 70 cikin 100 na yadda yake a da.

To, yaya ƙodar ke samun labarin cewa an raba ta da abokiyar aikinta? Masani ɗan ƙasar Ajantina, Eduardo Braun-Menéndez, ya yi hasashen cewa akwai wani sinadari da ke yawo a cikin jini yana ba ta umarnin girma, wanda aka laƙaba wa suna renotropin. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda aka haɗa ɓeraye biyu ta yadda jininsu ke gauraya, aka cire ƙodojin ɗaya, sai ga ƙodojin ɗayan, wanda ba a cire masa komai ba, sun fara girma.

Sai dai har yau ba a tace wani sinadari guda aka ce shi ne renotropin ba. Abin da aka gano tarin manzanni ne, wato sinadarai masu umartar ƙwayoyin halitta su girma: IGF-1, wanda ke ƙaruwa a cikin ƙodar ɓera kwana ɗaya ko biyu bayan fiɗa, da HGF, wanda yawansa ke hawa a cikin jini. A ganina, nacewa a kan neman sinadari ɗaya tal ya sa an daɗe ana raina wani dalili da ke a fili, wato yawan jinin da yanzu ke kwarara zuwa ƙoda guda, ɗauke da sinadaran gina jiki da ke kunna wani makunni a cikin ƙwayoyin halitta mai suna mTOR. Idan aka toshe wannan makunnin da maganin rapamycin, girman yakan ragu ƙwarai.

Kuma girman ba ya nufin an haifi sababbin matatu, wato ƙananan sassan ƙoda masu bututu da ke tace jini. Matatu kusan miliyan ɗaya da ke cikin ƙodar babban mutum ba sa ƙaruwa. Ƙwayoyin da ke jikin bututunsu ne ke yin ƙiba.