Abin da aikin Nicholas White ya koyar a kan auna maganin maleriya

A jami'a ana auna mai bincike da yawan takardun da ya wallafa da yawan masu kafa hujja da shi. Farfesa Nicholas White, likita ɗan Birtaniya da ya daɗe yana aiki a cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta jami'o'in Mahidol da Oxford a Bankok, bai rasa wannan ba. Sai dai wanda ya taɓa tsayawa a kan gadon yaron da maleriya ta sumar, ma'auninsa dabam ne: miligiram nawa za a zuƙa a sirinji, kuma wa ya tabbatar da hakan?

Babban darasin aikinsa shi ne a auna magani a jinin marar lafiyan kansa. A 1983 shi da abokan aikinsa a Tailand sun nuna cewa idan aka fara kwinin, tsohon maganin maleriya mai tsanani, da awon da aka saba, miligiram 10 a kowane kilo, maganin yakan daɗe kafin ya kai ƙarfin da ake so a jini, alhali a ranar farko ake yawan rasa mutane. Daga nan aka samo ninka awon farko: miligiram 20 a kilo, a cikin ƙarin ruwa, a hankali na tsawon awa huɗu. A shekarar dai suka nuna cewa kwinin na sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sikarin jini, da yawa, sikari ya faɗi, musamman ga masu juna biyu. Wanda ke kan kwinin ya sake suma, to a duba sikarinsa tukuna kafin a ce cutar ce ta tsananta.

Na biyu, hujjar da ke sauya aikin asibiti ita ce ƙidayar waɗanda suka rayu. An daɗe da sanin cewa atesunet, wani maganin maleriya da ya zo daga baya, ya fi kwinin saurin share ƙwayar cutar, domin yana kashe ta tun tana ƙarama, kafin jajayen ƙwayoyin jini su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Saurin kaɗai bai gamsar da masu tsara manufa ba. Sai gwajin SEAQUAMAT na 2005 a Bangaladesh da Indiya da Indunusiya da Myanmar, kan mutum 1,461 galibinsu manya: kashi 15 cikin ɗari suka rasu a ɓangaren atesunet, kashi 22 a ɓangaren kwinin. Aka ce ai Asiya ce, yaran Afirka fa? Gwajin AQUAMAT na 2010, wanda abokin aikinsa Arjen Dondorp ya jagoranta tare da White, ya amsa da yara 5,425 a ƙasashe tara, ciki har da Ilorin da Kumasi: kashi 8.5 suka rasu a ɓangaren atesunet, kashi 10.9 a ɓangaren kwinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet gaba ga babba da yaro.

Duk da haka ba a daina aunawa ba, kuma nan ne ya fi shafar ma'aikacin jinya. Awon atesunet shi ne miligiram 2.4 a kilo, da zuwan marar lafiya, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana. Da aka auna jinin ƙananan yara sai aka ga jikinsu na saurin fitar da maganin, don haka tun 2015 yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kilo ake ba shi. Kwalbar miligiram 60 ana narkar da ita da mililita 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe. Allurar jijiya, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri na allura (normal saline), kowace mililita ta ɗauki miligiram 10. Allurar tsoka, mililita 2, ta ɗauki 20. Yaro mai kilo 12 ke nan miligiram 36 zai samu, mililita 3.6 ta jijiya. Inda ake kuskure: ƙiyasta nauyi da ido, da ajiye ragowar haɗin don allura ta gaba, alhali bayan awa ɗaya ya fara lalacewa, da sallamar yaro da zarar ya farfaɗo. Atesunet ba ya daɗewa a jini. Dole a cika allura uku, a bi da maganin haɗi, wato maganin sha mai haɗa magunguna biyu irin su Coartem, na kwana uku, in ba haka ba ragowar ƙwayar za ta dawo.

Maganin haɗin ma yana da nasa sharaɗi. Lumefantirin, ɗaya daga magungunan da ke cikin Coartem, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Madara kaɗan ko nonon uwa ya wadatar, amma shan sa da cikin yunwa na iya jawo zazzaɓi ya dawo a zargi maganin a banza.

Wannan ɗabi'a ta aunawa ce ta sa ayarin White a 2009 ya tabbatar da cewa a Pailin ta yammacin Kambodiya ƙwayar ta fara jinkirin mutuwa bayan an ba da atesunet. Sauye-sauyen ƙwayar halitta masu alaƙa da wannan jinkiri sun bayyana a Ruwanda da Yuganda, kuma ba daga Asiya suka zo ba, a can suka tsiro.