Talata: na mayar da abin da ba shi aka ba ni aro ba

Dare ya yi nisa, amma ina so in rubuta wannan kafin barci ya shafe mini shi, domin yau na fahimci wani abu da na shekara da shekaru ina amfani da shi ba tare da na leƙa cikinsa ba.

Aikin da ke gabana tun makon jiya shi ne shigar da manyan fayiloli cikin rumbun bayananmu, wanda ke kan PostgreSQL. Fayil guda yakan zo da sahu wajen 400,000. Hanyar da muka gada ita ce tura INSERT, umarnin saka sahu cikin tebur, rukuni-rukuni, kuma tana aiki, sai dai tana cin kusan rabin awa a kan kowane fayil. Na san PostgreSQL yana da umarnin COPY, wanda ke kwararo bayanai cikin tebur a zubi ɗaya, kuma na san direbansa na Java, wato kod ɗin da ke haɗa manhajarmu da rumbun, yana da CopyManager da aka yi domin wannan. Matsalar ita ce wannan abu ba ya cikin JDBC, wato tsarin gama-gari da Java ke magana da kowane rumbun bayanai da shi. Kayan direban ne shi kaɗai, sai ka riƙe PGConnection, wato irin layin haɗi na direban PostgreSQL, a hannu kafin ka kira getCopyAPI.

Da safe na yi abin da ya fi sauƙi. Na karɓi layin haɗi daga taskar layukanmu, na ce wa Java ta ɗauke shi a matsayin PGConnection. Nan take ta ƙi, ta jefo ClassCastException, ta ce abin da ke hannuna HikariProxyConnection ne. Wannan bai ba ni mamaki ba. Taskar, wato abin da muke kira pul a wajen aiki (tamu HikariCP ce), ba ta miƙa maka layin tsirara. Tana sa shi cikin kube, kuben take ba ka. Idan ka kira close a kan kuben, layin ba ya yankewa, komawa yake yi taska ya jira mai buƙata na gaba. Dalilin wannan dabara a fili yake: buɗe sabon layi yana da tsada, PostgreSQL yana tayar wa kowane layi ma'aikacinsa na daban a kan saba, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kai, kuma iyakar da yake zuwa da ita layi 100 ce in ba a canza ta ba.

Hanyar zaro wuƙa daga kube tana nan, kuma halattacciya ce. Tun JDBC 4.0, wanda ya zo tare da Java 6 a 2006, kowane layi yana da unwrap, mai zaro na ciki, da isWrapperFor, mai gaya maka ko irin wanda kake nema ne a ciki. Kafin nan kowace taska da nata salon. Na tuna tsohon kod da na taɓa gyarawa a kan wata taska mai suna Commons DBCP, inda sai ka kunna accessToUnderlyingConnectionAllowed sannan ka kira getInnermostDelegate, in kuwa ka manta ka kunna sai a dawo maka da null. Spring, wani tsarin gina manhajojin Java, shi ma yana da NativeJdbcExtractor na wannan aiki, har zuwa Spring 5 da aka cire shi a 2017 saboda unwrap ya wadatar.

To, na kira unwrap. Amma maimakon PGConnection, sai na nemi BaseConnection, wani nau'in layin direban, saboda na saba ganin ana gina CopyManager kai tsaye da shi. Kuma da yake hannuna ya saba sa duk wani layi cikin try, wato shingen kod mai rufe kaya da kansa, sai na haɗa komai a jimla ɗaya: karɓo layi daga taska, zaro na ciki, sa na cikin a baka biyun try. Na gwada da fayil guda. Abin da ke cin rabin awa ya ƙare cikin ƙasa da minti biyu. Na ji daɗi ƙwarai, na tura shi sabar gwaji da dukanmu muke amfani da ita, na jera masa fayiloli, na koma wani aiki.

Bayan kamar minti ashirin wata abokiyar aikina ta ɗago kai ta ce, "Malam, kai ma shafin gwaji ya tsaya maka? Ni juyawa kawai yake yi." Na buɗe kundin rahoton saba, sai ga saƙo iri ɗaya yana ta maimaituwa: layi bai samu ba, an jira 30000ms an gaji. Wato daƙiƙa 30 ɗin da HikariCP ke jira kafin ya haƙura. Na kunna cikakken rahoto, taska ta ce layukanta 10 ne, duka 10 suna hannun masu aro, babu ko ɗaya a zaune.

Yoyon layi ne, wato ana aro ba a mayarwa, wannan na sani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne abin da na gani da na leƙa pg_stat_activity, inda rumbun ke jera layukan da ke haɗe da shi. A yoyon da na saba gani, layukan suna nan a jere, wasu a zaune, wasu riƙe da aikin da ba a kammala ba. Yau babu ko ɗaya daga manhajarmu. Taska na cewa goma suna aiki, rumbu na cewa bai san da kowa ba. Na fi awa guda ina zargin abin da bai yi laifi ba. Na zargi hanyar sadarwa, na zargi katangar tsaro cewa ita ke tsinke layuka, har na fara rubuta wa masu kula da saba saƙo, Allah Ya sa ban aika ba.

Babban injiniyanmu ne ya zo wucewa ya tsaya a bayana. Bai taɓa madannai ba. Ya ce, "Ƙanena, kunna leakDetectionThreshold tukuna, ka bar zato. Gani ya kori ji." Wannan saiti, mai kai ƙarar layin da ya daɗe bai dawo taska ba, a kashe yake zuwa, kuma ba ya karɓar ƙasa da daƙiƙa 2. Na sa masa minti uku saboda aikin COPY ɗin kansa yana ɗan jimawa, na sake tayar da manhaja, na saki fayil guda. Da lokacin ya cika, rahoto ya fito da jerin kiraye-kiraye, ya nuna daidai jimlar da na rubuta da safe.

Ya sa yatsa a kan allo ya ce, "Wanne aka ba ka aro, wanne ka rufe?"

A nan komai ya warware. BaseConnection layi ne cikakke, yana da close nasa, kuma nasa na gaske ne, yanke waya yake yi. Shi na sa a try, shi aka rufe, shi ya sa rumbu bai ga kowa ba. Kuben kuwa, wanda shi ne taska ta rubuta a littafinta cewa yana hannuna, ban ma ajiye shi a wani suna ba, balle in mayar. Kowane fayil ya cinye gurbi ɗaya. Fayil na goma ya ƙarasa taskar. Kuma ko maxLifetime, da ke yi wa layi ritaya bayan minti 30, ba zai cece mu ba, domin taska ba ta ƙwace layin da take ganin yana hannun mai aro, jira take ya dawo.

Gyaran bai kai sahu biyar na kod ba. Kuben shi ne a cikin try. A ciki na zaro PGConnection, na ajiye shi a wani suna da ba ya fita daga wannan shingen, na yi COPY, na bar try ya mayar da kube. Sai yanzu na ga hikimar da ke cikin PGConnection: ba shi da close kwata-kwata. Da shi na nema tun farko, da Java ba ta ma yarda in sa shi a try ba, da kuskuren ya mutu tun kan kwamfutata. A ganina duk mai zaro layi ya nemi mafi ƙanƙantar abin da zai biya masa buƙata, kada ya ɗauko wanda ke iya komai.

Da a nan na tsaya, amma tambayarsa ta bar mini wani ƙaiƙayi. In taska ba ta ga rufewar da na yi ba, me kuma ba ta gani? Sai na buɗe kod ɗin kuben, wato ProxyConnection na HikariCP, na zauna na karanta, kuma wannan ne ɓangaren yinin da ya fi amfanata.

Kuben ba sutura ba ce kawai, mai tsaro ne. Yana lissafa kowane Statement, wato abin tura umarni, da ka buɗe ta hannunsa, ya rufe maka waɗanda ka manta. Yana lura in ka canza autoCommit (saitin da ke tabbatar da kowane umarni nan take), ko readOnly, ko matakin keɓe ayyuka, ko schema, ya mayar da su yadda suke kafin wani ya karɓa. Kuma in ka gudanar da umarni ta hannunsa ba ka yi commit ba, wato ba ka tabbatar da aikin ba, yana yin rollback, wato soke shi, a madadinka lokacin mayarwa. Duk wannan ya dogara ne a kan aikin ya bi ta cikinsa. Abin da ka yi da na ciki, bai sani ba.

Sai gabana ya faɗi, domin aikina mataki biyu ne: COPY cikin tebur na farko, sannan wani gyara a tebur na biyu, kuma dole su tafi tare ko su faɗi tare. Na kashe autoCommit ta kube, na yi COPY ta na ciki. A ce wani abu ya fashe a tsakani, kafin mataki na biyu. Kube bai ga an gudanar da komai ba, don haka ba zai yi rollback ba. Zai dai tuna an canza autoCommit, ya mayar da shi a kunne. Kuma ƙa'idar JDBC ta ce canza autoCommit ana tsakiyar aiki yana tabbatar da aikin. Wato rabin aiki zai zauna daram a rumbu, babu wani saƙo da zai gaya wa kowa. Na gwada da gangan: na jefa kuskure bayan COPY, na duba tebur, ga sahun nan duka sun shiga. Wannan ya fi yoyon safe haɗari nesa ba kusa ba. Yoyo yana ihu kowa ya ji, wannan kuwa shiru yake yi, sai bayan watanni lissafi ya ƙi daidaituwa. Na sa rollback da hannuna a inda ake cafke kuskure, na kira shi ta kube, na rubuta gwajin da zai riƙa tabbatar da shi.

Wani ƙaramin abu kuma: gwaje-gwajenmu na gaggawa suna gudana a kan H2, wani rumbun bayanai na daban wanda bai san PGConnection ba, don haka unwrap ya jefo SQLException. Na sa isWrapperFor a gaba, in amsa a'a ce sai a bi tsohuwar hanyar INSERT. Ban so hakan sosai ba, domin yana nufin hanyar COPY ba ta samun gwaji a can, shi ya sa gwajin rollback ɗin na ɗora shi kan PostgreSQL na gaske.

Dab da tashi, wani matashi da ya zo mana kwanan nan ya matso da kujerarsa. Ya ce, "Yaya, ni ma ina so in yi amfani da LISTEN da NOTIFY, in zaro layi kamar yadda ka yi in kira getNotifications?" Na ce masa zarowar za ta yi, amma kada ya ɗauko daga taska. LISTEN, wato sauraren saƙon da ake aikowa da NOTIFY ta rumbu, na layin da aka yi shi a kai ne. In ya mayar da layin, saurarensa ya tafi hannun wanda bai nema ba. In ya riƙe shi har abada, ya rage wa kowa gurbi ɗaya cikin goma. Gara ya buɗe layinsa na musamman a gefe, ya rubuta masa yadda zai sake haɗawa in ya tsinke. Na ja allona na nuna masa jimlar da na rubuta da safe da wadda ta maye gurbinta, gefe da gefe, ya daɗe yana kallo kafin ya gano bambancin.

Na nemi afuwar abokiyar aikina kan awa biyun da na ɓata mata. Na bar fayil 25 suna shiga a sabar gwaji, na tsaya har na ga na 12 ya wuce taska na nuna layi ɗaya a hannu, tara a zaune. Gobe da safe zan bincika sauran kod ɗinmu in ga duk inda kalmar unwrap ta fito. Na riga na hango wurare uku, ɗaya a tsohon ɓangaren da ke magana da Oracle.