Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tawada da Ruwa a Guilin

A makon jiya na tsaya a inda karatu ya kai ni birnin Guilin, a kudancin ƙasar Sin. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗinsu ta yuwan 20 ya ga yankin, domin duwatsun da ke bayanta na bakin Kogin Li ne, kusa da garin Xingping. Duwatsun farar ƙasa ne, dogaye, kowanne a tsaye shi kaɗai, da sassafe hazo ya lulluɓe gindinsu.

Wani dattijo mai shagon kayan zane a unguwarmu shi ya karɓe ni ɗalibin zanen duwatsu da koguna da tawada. Da farko bai ba ni burushi ba, sandar tawada ya miƙo mini in goga a kan dutse da ɗan ruwa. Da baƙin hayaƙin wani itace da ake kira fayin (pine) da danƙo ake yin ta. Ina jin haka sai na tuna makarantar allo, inda muke kankare baƙin tukunya mu dafa da ƙaro. Da na ba shi labari ya yi ta jinjina kai.

Wahalar tana ga takarda. Irin wadda ake kira Xuan ce, ana yin ta a gundumar Jing ta lardin Anhui da ɓawon itace da karan shinkafa, kuma shan ruwa gare ta. Burushi na taɓa ta tawada ta shige, ba gogewa, ba gyara. Don haka kafin hannu ya sauka sai ka san yawan ruwan da gashin ya ɗauka. Dutsen kusa da tawada mai kauri ake yin sa, burushi a ɗan bushe, yadda kaushin jikinsa zai fito. Na nesa kuwa sai a tsarma ta har ta kusa komawa ruwa zalla. Launi daga baya yake zuwa, kaɗan-kaɗan: shuni a kan tsaunuka, jar ƙasa a gindinsu.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne kogin. Na tambaye shi, "Malam, da wane launi zan yi ruwa?" Ya ce in bar wurin fari. Ya ɗiga kwalekwale ɗaya da masunci a tsakiyar farin, sai ga kogi ya bayyana, da faɗinsa da sanyinsa. Har yau ina ganin wannan ya fi kowace dabara da na koya, domin barin fili ya fi cika shi wuya ga mai koyo.

Da damina ta ja baya ya ce lokaci ya yi da zan bar shago, mu hau jirgin ruwa zuwa garin Yangshuo in zana dutse ina kallonsa. Labarin wannan tafiya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.