Mako na shida da fensir: ido ɗaya, ido biyu

'Yan uwa masu koyon zane, barkanmu da warhaka. Wannan makon layin gidanmu na zauna zanawa, daga bakin ƙofa har inda ya ƙure. Zanen farko ya fito a shimfiɗe kamar tabarma, ba kusa ba nesa, raina bai so ba.

Sai na miƙe hannu da fensir, na rufe ido ɗaya, ina awo da babban yatsa. Turken lantarki na kusa ya ci tsawon fensir cur, na can ƙarshen layi kuwa bai fi farce ba. Ashe da duk tsawo ɗaya nake ba su, don na san haka suke, ban tsaya na duba yadda ido ke ganinsu ba. Da na bar katangun biyu suna matsowa har suka haɗu a ɗigo ɗaya daidai tsayin idona, nan take layin ya yi zurfi. Wannan ƙa'ida ce Alberti, wani masanin zane da gine-gine, ya rubuta a Italiya tun 1435.

Ana cikin awon, idon nan a rufe, na kai hannu zan mayar da fensir cikin gwangwani, sai na sauke shi a gefe. Na sake, na sake kuskurewa. Ina buɗe idon, ya shiga. Wallahi na daɗe ina juya abin a raina. Tsakanin idanuwanmu akwai kimanin santimita 6, kowanne da ɗan bambancin hoton da yake ɗauka, kuma da wannan bambancin ƙwaƙwalwa ke gaya wa hannu inda zai tsaya. Wani masanin kimiyya, Charles Wheatstone, ya nuna haka a Ingila a 1838, da madubai biyu da zane biyu. Takarda ba ta da wannan gatan, dole mai zane ya jingina da sauran alamu: wannan ya tare wancan, girma ya ragu, inuwa ta kwanta a ƙasa.

Hazon hunturu ma ya taimake ni. Darbejiyar nesa ta yi fari-fari, ganyenta ya zama dunƙule ɗaya, sai na shafa ta a hankali da fensir 2H mai tauri, marar baƙi sosai, ta kusa kuma na danna mata 4B mai laushi da baƙi.

Inuwa ce har yanzu ba ta zauna min ba, akuyar da na zana kamar tana shawagi. Gobe da hantsi zan koma, in fara da baƙin da ke ƙarƙashin kofatonta.