Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Allurar da Ta Ƙi Zama

To jama'a mun dawo. Satin da ya wuce na tsaya a inda tsohuwar motar kawu, MGB, ƙirar 1969, ta tashi bayan ta daɗe a jibge. Murna ba ta je ko'ina ba sai ga wata sabuwa. Agogon nan na dashbod mai nuna juyin inji, allurarsa ta haukace, mota na silo lafiya lau amma ita sai ta yi tsalle ta kai 4,000 ta faɗo ta yi rawa ta sake hayewa, kai abin haushi wallahi.

Ni har na ɗauko sukundireba zan kwance kafireta, Baba mai rewaya ya riƙe min hannu. Ya ce "Ɗana, kunnenka ya ji injin ya canza murya?" Na ce a'a Baba. Ya ce to inji bai yi laifi ba. Wai in allura ta faɗi inji ma ya yi tari lokaci guda, ka nemi matsalar wajen kwantak ko kwandansa ko wayar koyil, wato kayan da ke ba inji wuta, in kuwa inji na tafiya sumul allura kaɗai ke hauka, to agogon ne ko abin da ke kai masa saƙo. Agogon ba juyi yake gani ba, bugun wutar koyil yake ƙirgawa, inji mai silinda 4 sau 2 yake ba da wuta a kowane juyi.

Muka kankare tsatsar inda waya ke kama bodi, muka matse duk wani kan waya, shiru. Sai Baba ya haska fuskar agogon, na kamfanin Smiths ne, ga RVI rubuce ƙanana a ƙasa. Ya buɗe distiributa, babu kwantak! Ashe tun da can wani ya cire ya sa na lantarki na zamani. Shi kuwa agogo samfurin RVI ƙarfin wutar da ke ratsa wata farar waya zuwa koyil yake ji, da kwantak aka yi shi, yawanci ba sa shiri da na zamanin. Agogo samfurin RVC da ya zo daga baya shi ba ruwansa.

Zaɓi biyu ne, a mai da kwantak ko a canza kayan cikin agogon. Ni dai kwantak na zaɓa, motar da ta girme ni ban ga dalilin yi mata tiyata ba. Muna ɗaurawa allura ta zauna daram.

Yadda kawu ya yi da ya ji na taɓa masa distiributa kuma, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.