Tarihin Rayuwar ORLAN, Kashi na 5: Fuskar da Aka Harhaɗa a Ɗakin Tiyata

A makon jiya mun tsaya inda ORLAN, mai fasahar da ke amfani da jikinta wajen nuna fasaha, ta rasa aikin koyarwa bayan wasan da ta yi a Faris a 1977. Yau mun iso 1990, shekarar da wannan Bafaranshiya, haifaffiyar Saint-Étienne a 1947, ta mai da ɗakin tiyata dandalin wasanta.

Da kwamfuta ta fara. Ta tsinto sassan fuska daga matan da maza suka zana a tarihin Turai, har da goshin Mona Lisa da haɓar Venus ta mai zane Botticelli, wadda aka zana tsirara tana fitowa daga teku. Ta haɗa su da hoton fuskarta, ta miƙa wa likita. Tiyata tara aka yi mata tsakanin 1990 da 1993.

Ba a sa ta barci. Allurar kashe zafi ake yi mata a inda za a yanka kaɗai, don ta zauna ido biyu tana karanta littafi da ƙarfi, tana gaya wa masu ɗaukar hoto inda za su tsaya. Nan ƙashin bayan aikin yake: macen cikin zane shiru take, sai yadda mai zane ya ajiye ta, ita kuwa ORLAN ita ce mai ba da umarni.

Cikas ya zo daga likitoci maza, waɗanda suka fi son su bar ta da kyanta. Sai likita mace, Marjorie Cramer, ta yi mata tiyata ta bakwai a New York a watan Nuwamba 1993, aka watsa kai tsaye ta tauraron ɗan Adam zuwa Cibiyar Pompidou, gidan baje kolin fasaha a Faris, da wasu wurare. Silikon da ake ɗaga kumatu da shi aka cusa mata a gefen goshi, dama da hagu, ya fito kamar tsiron ƙaho. Da gangan ne, don kada wani ya ce kwalliya ta je nema.

Sai jinya. Fuska ta kumbura, jini ya taru ƙarƙashin fata, launi yana sauyawa kullum. Kwana 40 ana ɗaukar ta hoto kowace rana, ta jera su tare da fuskokin da kwamfuta ta haɗa. A ganina nan aikin ya fi ƙarfi, domin nama bai taɓa zama daidai da zanen ba.

Mako mai zuwa za mu ji yadda masu sharhi suka rabu biyu a kanta.